Kama da Wane Ba Ta Wane: Jawabin Kwamitin Sufuri kan Sauya Injin Tsohuwar Akori-kura



Da aka ce kwamitin sufuri ya tanadi jawabi, wasu sun ɗauka za mu tashi mu lissafa nasarori ne, a yi tafi, a ci abinci, a watse. Nasarori akwai su, kuma sakatare ya riga ya karanto su. Mu da muka zauna sai muka ga abin da ya fi amfani mu kawo muku shi ne labarin asarar da muka jawo wa ƙungiya da hannunmu, da abin da muka koya daga gare ta. Dalili kuwa, a zauren nan da wuya a sami mutum goma a jere ba a sami mai tsohuwar akori-kura ba, ko wanda kayansa ke hawa ta wani. 'Yan'uwanmu na Maraɗi su ce bashe, na Katsina su ce akori-kura, motar dai ita ce. Kuma duk tsohuwar mota, komai daɗewa, ranar sauya mata inji tana nan tafe.

Kun san motar ƙungiya, Hilux ɗin nan da muka yi karo-karo muka saya domin ƙananan 'yan kasuwa waɗanda ba su iya cika babbar mota. Ta zo mana da injin fetur, wanda ake kira 22R. Ta yi mana aiki har ta gaji: hayaƙi, shan baƙin mai, ga rashin ƙarfi in an yi mata lodi. Ga shi tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 lissafin mai ya sauya wa kowa. Da aka sake buɗe iyaka a watan Maris na 2024, muna gaggawar komawa hanya, sai wani mai sayar da inji ya nuna mana na dizal, wato gas ko gazuwal, mai lamba 3L. Ya tayar mana da shi a ƙasa, ƙara lafiya lau, ba hayaƙi. Muka yi masa tambaya guda ɗaya tak: zai shiga motarmu? Ya ce ai Hilux Hilux ce, zai shiga. Muka ƙirga kuɗi muka ba shi.

Bai yi mana ƙarya ba, injin ya shiga. Amma aikin da muka yi zaton na kwana uku ne sai da ya ci mako uku. Bakin giyabos bai haɗu da bayan inji ba, sai da aka nemo wani. Mazaunin inji bai zo daidai ba, aka yanka aka yi walda. Salansa ta fito ta wani ɓangare daban. Batirinmu ya kasa juya shi. Kullum bakanike ya kira, wani abu ne za a saya. Daga ƙarshe mota ta tashi, aka zagaya gari da ita babu kaya, direba ya ce burki ya ɗan yi tauri, muka ce zai saba.

Tafiyar farko da lodi, ranar kasuwar wani gari da ke bakin hanya, wani yaro ya kunno kai da amalanken shanu zai tsallaka titi. Direba ya taka burki, ya ji kamar dutse ya taka. Ya miƙe tsaye a kan feda, mota ba ta tsaya inda ya so ba, sai ya karkata da ita cikin rairayi. Allah ya kiyaye, ba a taɓa yaron ba, ba wanda ya ji rauni. Amma buhuna sun zube, gaban mota ya lalace. Da aka gyara wannan, tafiya ta biyu aka tsayar da mu a wani shinge. Jami'in ya ji ƙarar gazuwal, ya duba kart giris ya ga an rubuta esans. Ba mu ga laifinsa ba, aikinsa ya yi. Kwana uku mota na tsaye a zafin bazara, ɗauke da albasar mambobi huɗu, biyu daga cikinsu mata ne masu ƙaramin jari. Kun san abin da rana ke yi wa albasa a cikin buhu. Ƙungiya ta biya su, amma daga asusunku aka biya.

To, jama'a, a ina muka yi kuskure? Tun a tambayar farko. "Zai shiga?" ba ita ce tambaya ba. Da walda da guduma, babu injin da ba ya shiga. Abin tambaya shi ne ko ya dace, kuma dacewar nan kashi uku ce: ya dace da motar, ya dace da hanyar da muke bi, ya dace da takarda. In ɗaya ta faɗi, sauran biyun ba su fisshe ka. Kuma dukkansu kafin a biya kuɗi ake tabbatar da su, ba bayan inji ya iso gareji ba.

Mu fara da motar. Kafin ka je kasuwa, buɗe bonet ka nemi ɗan allon ƙarfen da kamfani ya maƙala a jikin mota. A Toyota, wannan allo yana ɗauke da lambar samfurin mota, da sunan injin da ta fito da shi, da lambar giya da ta aksul. Haruffan farko na lambar samfurin ma kaɗai sun isa su gaya maka dangin injinta. In ka ga LN, motar dizal ce ta dangin L. In ka ga YN, ta fetur ce ta dangin Y. In RN ce, ta dangin R ce, kamar tamu. Da mun tsaya mun karanta haruffa biyun nan, da mun san cewa muna shirin aurar da 'yar wani gida ne zuwa wani gida daban, da mun yi tanadi ko mun fasa. Ɗauki hoton allon da wayarka, ka ɗauki hoton lambar da aka buga a jikin tsohon injin, ka tafi da su.

Sannan ku kula da sunayen nan, domin suna ruɗi. Injin da ake kira 2L ba lita biyu ba ne, lita 2.4 ne. 3L ba lita uku ba ne, 2.8 ne. Mai lita uku shi ne 5L. Lambar tana nuna matsayinsa ne a cikin dangi, ba girmansa ba. Mun sha ganin wanda aka ce masa "mai lita uku ne," ya biya kuɗin 5L, ya tafi gida da 3L. Ko a cikin suna ɗaya ma akwai bambanci: 2L na farko da wanda aka sake wa fasali daga 1988 kansu ba iri ɗaya ba ne, kayan wannan ba duka ke hawa wancan ba. Abin da aka buga a jikin ƙarfe shi ne shaida, ba bakin mai sayarwa ba.

Shawararmu ta farko ke nan, kuma ita ce mafi arha: in da hali, ka mayar da irin injin da ka cire. In ba ka samu ba, ka tsaya a cikin danginsa. Mai 2L ya koma 3L ko 5L, mai 2Y ya koma 3Y ko 4Y, aikin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ko da yake shi ma sai an gwada. Masu Fijo ma haka. Tun 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, shi ya sa har yau 504 ba ta rasa kaya ko bakanike a ƙasashen nan biyu. Injinta na fetur, mai lita 1.8 da mai lita 2.0, 'yan gida ɗaya ne, a kishingiɗe suke zama, kuma akwai 505 da ta fito da irin wannan mai lita 2.0 ɗin. Amma akwai wata 505 mai lita 2.2 wadda injinta daga wani dangi yake. Saboda haka jin an ce "na Fijo ne" bai wadatar ba.

Akwai wurare huɗu da inji ke gaisawa da mota, kuma kowanne sai ka sa an duba maka shi da ido da ma'auni. Na farko shi ne bayan inji, inda yake haɗuwa da giyabos. Ramukan ƙusoshi su zo daidai, haƙoran sandar giya su shiga faifan kuloci, kik ya sami gurbinsa ya kama haƙoran filawil. A yawancin tsofaffin Hilux, ƙwaryar da ke gaban giyabos ana kwance ta a sauya. To, in za ka sayi injin wani dangi, ka sa ƙwaryarsa da filawil ɗinsa da kuloci da kik cikin ciniki tun farko. In ka bari sai daga baya, mai kaya ya san kana cikin matsi, farashi nasa ne.

Na biyu, mazaunin inji. In ƙafafunsa ba su sauka inda na da suke ba, sai an yi walda a jikin shasi. Walda ba laifi ba ce in gwani ne ya yi, amma inji ya zauna a tsakiya, a kan layi ɗaya da giya da furofela. In ya karkace ko da kaɗan ne, mota za ta riƙa kakkarwa, ta riƙa cin robobin mazauni da gaɓoɓin furofela, kai kuwa kana ta sauya su ba ka san tushen ciwon ba.

Na uku, kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. Wani tumbinsa a gaba yake, wani a baya. Na motar da ke ja da taya huɗu an yi shi ne domin ya kauce wa aksul na gaba. In kasko bai dace ba, mota babu kaya ba za ka ga komai ba, sai ranar da aka yi lodi aka faɗa rami ya bugi ƙarfe ya fashe, mai ya tsiyaye a daji. In za a sauya kasko, a sauya shi tare da bututun da ke zuƙo mai daga cikinsa da sandar awon mai, domin su ukun tare suke tafiya.

Na huɗu, gaba da gefuna: lagireto, fanka, salansa, da tukunyar tace iska. Babban inji yana son babban lagireto. Mu da muke tafiya a watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, ga lodi ga rairayi, ba mu da rarar da za mu yi wasa da ita. Injinan dizal na dangin L, musamman masu turbo, an san su da tsagewar kai in suka yi zafi fiye da kima. Tukunyar iska kuma ta rufu ruf. In aka ɗaura ta da roba da waya aka bar kafa, ƙurar hunturu guda ta isa ta cinye ringi.

Bayan waɗannan huɗu, ka tambayi asalin injin: daga wace mota aka ciro shi? Bas ɗin Hiace tana amfani da injinan L da Y kamar Hilux, amma da yake a ƙarƙashin kujera yake zama, kasko da bututun iska da mazauni sukan bambanta. Wanda aka ciro daga mota mai giya otomatik ba shi da filawil na kuloci, faranti ne siriri a bayansa. Wanda ya fito daga Japan ko Ingila, daga mota mai sitiyari a dama ya fito. Mu kuwa namu a hagu yake, a Nijar tun asali, a Najeriya tun 1972, saboda haka waya da bututu da igiyar totur sukan zo ta ɓangaren da sitiyarinmu ya tare. Wasu manyan motocin dizal kuma wutarsu bolt 24 ce, ba 12 ba. Karanta abin da aka rubuta a jikin kik da altanato kafin ka haɗa su da batirinka.

Yanzu mu dawo kan burkin da ya kusa jawo mana ɗaukar rai, domin ko kun manta komai, kada ku manta wannan. Baƙar tukunyar nan da ke bayan fedar burki, ita ce ke ninka ƙarfin ƙafar direba, kuma da zuƙar iska take aiki. Injin fetur da kansa yake samar da wannan zuƙa, bututu kawai ake jawowa daga gare shi. Injin dizal ba ya samar da ita, sai an sa masa famfo na musamman. A 2L da 3L da 5L, famfon a bayan altanato yake manne. Namu injin ya zo babu altanato, aka ɗaura masa na tsohon injin fetur wanda ba shi da famfo, aka toshe bututun tukunyar burki. Mota babu kaya, ƙafar namiji tana iya tsayar da ita. Da lodi kuwa, sai abin da Allah ya yi. Duk wanda zai koma dizal daga fetur, ya sa a nuna masa famfon nan da yatsa. Ga gwajin da kowa zai iya yi: inji a kashe, ka taka burki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, ka riƙe shi a take, ka tayar da mota. In feda ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka, tukunya na aiki. In ba ta motsa ba, kada motar ta bar gareji.

Ba burki kaɗai ba ne. Dizal yana matse iska fiye da sau ashirin, fetur kuwa wajen sau tara, shi ya sa yake son babban batir da kik mai ƙarfi da wayoyi masu kauri. Yana son hita domin sanyin asuba. Yana son a wanke tanki tas, a sa bututun da ke mayar da rarar mai, a sa matatar da ke raba mai da ruwa. Ya fi na fetur nauyi, gaban mota zai ji a jikinsa. Kuma ba ya kai juyin da na fetur ke kaiwa, saboda haka in aksul na baya bai dace da shi ba, za ka ji mota na kururuwa a kan kwalta ba ta sauri, man da ka yi niyyar tsimi ya tafi a banza. Ba muna cewa kada a koma dizal ba ne. Muna cewa ba inji kaɗai kake saya ba, rabin mota kake sauyawa, ka yi lissafinka a kan haka.

Kashi na biyu, hanya. Mu ba 'yan cikin gari ba ne. Motarmu in za ta lalace, ba ta zaɓen ƙofar gareji, tsakanin Ɗan Isa da Jibiya take tsayawa, ko a hanyar kasuwar ƙauye inda ba inuwa. Saboda haka kafin ka sayi inji ka tambayi kanka: in ya tsaya mini a can, wa zai taɓa shi, kuma ina kayansa? Injinan zamani irin su 2KD da 1KD suna da ƙarfi, ba su shan mai da yawa, amma ƙwaƙwalwa ke tafiyar da su. Sai da ita, da dukkan wayoyinta, da fedar totur tata, wani lokaci har da makullin motar da aka ciro shi, in ba haka ba ko tari ba zai yi ba. In ya yi ciwo sai an sa masa kwamfuta. Kuma nozul ɗinsa ba ya haƙuri da gurɓataccen mai, alhali mun san sau nawa tafiya ke tilasta mana sayen na jarka a bakin hanya. Ko 5L ma iri biyu ne: akwai mai famfon mai na gargajiya, akwai 5L-E mai aiki da ƙwaƙwalwa. Harafi ɗaya ne ya raba su a rubuce, amma a gareji tafiya ce mai nisa.

Ka zagaya wurin masu kayan gyara a ɓangarorin biyu, Maraɗi da Katsina, ko Damagaram da Kano, ko Ƙonni da Sakkwato, gwargwadon hanyarka. Ka tambayi gasket da ringi da famfon ruwa da bel na wannan inji. In sai an aika Ƙofar Ruwa ko Ladipo a Legas kafin a samu, ka san duk ranar da ya tsaya kwanaki za ka yi. Mun ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun sake gani a 2023. Wanda kayan injinsa a ɓangare ɗaya kawai ake samu, motarsa ta kwanta har aka buɗe.

Kashi na uku, takarda. A Najeriya, takardun mota suna ɗauke da lambar inji tare da ta shasi. A Nijar, kart giris tana nuna irin man da mota ke sha da ƙarfinta. Ka sauya inji ba ka gyara takarda ba, motar da ke hannunka ba ita ce ta cikin takarda ba, kuma mu da muke wuce shinge nawa a rana, wani zai lura. Haka inshora: ranar da tsautsayi ya faru, bambancin nan ya isa a ce ba wannan motar aka yi wa ba. Saboda haka rasit ya ɗauki lambar injin harafi da harafi, da sunan shago, da kwanan wata. In daga waje aka shigo da shi, ka nemi shaidar kwastan ko duwan. In za ka tsallaka iyaka da shi a bayan mota, ka sani haja ce kamar kowace haja, ka bayyana shi. In ka ga an goge lamba, ko an sake buga ta a karkace, ko kyauta aka ba ka kada ka ɗauka. Araha irin wannan a ofishin 'yan sanda take ƙarewa. Da an gama ɗaura inji, kafin lodin farko, ka je ofishin da ya ba ka takarda a gyara.

Ranar ciniki kuma, ka tafi da bakanikenka, wanda zai yi aikin da hannunsa, ba ɗan kamasho ba. In da hali a sauke tsohon inji a kai shi a ajiye kusa da wanda za a saya, a gwada su gaba da baya. Gani ya kori ji. A tayar da shi a gabanka yana da sanyi. In ka tarar da shi da ɗumi, ka ce gobe da sassafe za ka dawo, domin inji mai rauni da sanyi yake tona kansa. Buɗe murfin mai: in ka ga fari-fari kamar madara, ruwa ya haɗu da mai. In yana aiki hayaƙi na bulbulowa ta wurin da ƙarfi, ringi ya tafi. Shuɗin hayaƙi a salansa, yana ƙona baƙin mai ne. In akwai na'urar awon matsi, a auna kowace silinda. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: kwana nawa aka ba ka na gwaji, kuma daga ranar da aka ɗaura za a fara ƙirga ko daga ranar saye. Sannan injin dangin L, ko ya yi kyau kamar me, a sauya masa bel ɗin taimin tun yana ƙasa. Ƙa'idarsa kilomita 100,000 ce, kai kuwa ba ka san nawa ya ci a hannun mai shi na da ba, kuma in ya tsinke yana gudu, bawul da fistin ne za su yi karo.

Hajiyoyinmu masu motoci, da alhazan da ba su da lokacin zaman gareji, wannan magana har da ku, ko ma ta fi shafar ku. Ba sai kun iya riƙe sifana ba. Ku ce a kawo muku hoton allon mota da hoton lambar injin da za a saya. Ku ce a rubuto muku duk abin da za a sauya bayan injin, da kuɗin kowanne, da kuɗin aiki, da na gyaran takarda, da kwanakin da mota za ta yi ba ta aiki. Ku haɗa jimla, sannan ku kwatanta da kuɗin mayar da irin na da, ko ma na yi wa tsohon garambawul in jikinsa bai tsage ba. Mu da mun yi wannan lissafi a takarda, da mun ga cewa injin da muka ɗauka mai sauƙi ne shi ya fi kowanne tsada. Kuma in direba ya ce muku wani abu ya sauya a burki ko sitiyari, kada ku ce masa zai saba. Mu mun faɗa, kun ji inda ta kai mu.

Daga ƙarshe, ga abin da kwamiti ke roƙon wannan taro ya amince da shi. A buɗe littafi a ofishin ƙungiya, kowane mamba mai mota ya kawo hoton allonta da lambar injinta a rubuta. Duk wanda ya taɓa sauya inji ya faɗi abin da ya sa, da abin da ya dace, da abin da ya ba shi wahala, domin na baya ya karanta kafin ya kashe kuɗinsa. Kuma duk motar da aka sauya wa inji, kada ta ɗauki kayan mambobi sai mutum biyu daga kwamiti sun ga an gwada burkinta da lodi, sun kuma ga takardarta ta dace da abin da ke cikin bonet. Da motar ƙungiya za a fara, tana nan a ƙofar zaure, bonet a buɗe. Wanda yake son ganin famfon da muke magana, in an tashi ya biyo mu, direba zai nuna masa.

Mambobi huɗun da albasarsu ta lalace, mun ba ku haƙuri a ofis, yau muna sake ba ku a gaban jama'a.